Fere gurbin bawul a fistan na asali: injin LS 5.3 da kam babba, kuɗi kaɗan

MaiGareji53

Assalamu alaikum, iyayen gida da abokan sana'a. Ina haɗa injin GM LS 5.3 mai bulok na ƙarfe, irin wanda ake cirowa a motocin Silverado da Tahoe, kuma kuɗin aikin ba zai kai ga sayen fistan na musamman masu gurbin bawul ba, wato ramin da ake yi a kan fistan don kar bawul ya buge shi.

Ga abin da ke ciki. Fistan na 4.8 ne masu shafaffen kai, tunda faɗin silindarsu ɗaya da na 5.3, milimita 96. An cire na 5.3 masu kwarmi don a samu ƙarin matsi. Top, wato kan inji, mai lamba 243, bawul ɗin shiga inci 2.00, na fita inci 1.55, an fere masa milimita 0.75. Gasket na asali mai fallayen ƙarfe, kauri milimita 1.3. Kam, wato sandar da ke buɗe bawuloli, mai daɗewar buɗewa digiri 232 a na shiga da 240 a na fita a ɗagin inci 0.050, cikakken ɗagi inci 0.600, tazarar tozo digiri 111, da digiri 3 na gaba tun daga kamfani. Ba turbo, ba naitiros. Gudun inji ba zai wuce 6500 ba.

Na auna da yumɓun wasan yara a silinda ta 1, da liftocin da za su yi aiki a injin, wato ƙarafan da tozon kam ke turawa don bawul ya buɗe. Bawul ɗin shiga ya ba ni tazarar milimita 1.3 tsakaninsa da fistan, na fita 2.2. An riga an haɗa ƙasan inji, ring da metal duk sababbi.

Tambayoyina: wannan tazara ta isa, ko dole sai an fere? In za a fere, zurfin nawa fistan na asali zai ɗauka kafin ya yi rauni? Ana iya yi fistan yana cikin bulok, ko sai an sake kwancewa a kai wa masu tana, wato masu injin sassaƙa ƙarfe? Allah ya saka da alheri.

Injiniya_V8

Wa alaikumus salam. Malam, kar ka taɓa fistan tukuna, domin awon da ka kawo ba abin dogaro ba ne. Liftar LS ta mai ce. In babu matsin mai a cikinta, sifirin ɗin bawul mai ƙarfi yana danne ta ta nutse yayin da kake juya inji da hannu, bawul ya kasa buɗewa yadda zai buɗe in inji yana aiki. Sai yumɓu ya nuna maka tazarar da ta fi ta gaskiya. Ga shi kuma yumɓun kansa yana ɗan tasowa bayan bawul ya sake shi. Kuskuren duka biyu ɓangare ɗaya yake karkata, ɓangaren da zai sa ka saki jiki.

Ga yadda za ka sake. Samu tsofaffin lifta biyu, ka cire kilif ɗin sama, ka zare abin ciki, ka cika da washa ko guntun ƙarfe har kofin ya daina motsi, ka mayar da kilif. Sun zama daskararru ke nan. A silinda ta 1 cire sifirin na aiki ka sa masu laushi waɗanda yatsa ke iya dannewa. Sa gasket tsoho mai kauri ɗaya da wanda za ka yi amfani da shi, ka ɗaure top da tsofaffin notuna. Sababbin na asali ɗauri ɗaya suke yi, suna miƙewa, kar ka ɓata su a gwaji. Yi amfani da fushrod mai daidaitawa, wato sandar da lifta ke turawa wadda ake iya canja tsayinta, ka tsayar da shi daidai inda wasa ya ƙare, ba sako-sako ba, ba kuma danne bawul ba.

Sai faifan digiri a gaban kiranshaf. Nemo ƙololuwar fistan ta gaskiya, wato inda ya kai ƙarshen hawansa, da abin tare fistan: juya dama har ya tsaya, juya hagu har ya tsaya, tsakiyar lambobin biyu ita ce sifili. Kar ka yarda da ido a nan.

Ɗora agogon awo a kan hular sifirin, ƙafarsa a miƙe da sandar bawul. Daga digiri 20 kafin ƙololuwar da bawuloli biyu suke buɗe tare, zuwa digiri 20 bayanta, tsaya a kowane digiri 5, ka mayar da agogo sifili, ka danna bawul da yatsa har ya taɓa fistan, ka rubuta. Inda lambar ta fi ƙanƙanta, koma ka bi ta digiri biyu-biyu. Na fita yakan fi matsewa wajen digiri 10 kafin ƙololuwa, na shiga wajen digiri 10 bayanta.

Mutane da yawa 0.600 ɗin nan suke kallo su tsorata, alhali ba shi ne ke kawo karo ba. Lokacin da bawul ɗin shiga ya kai cikakken ɗagi, kiranshaf ya wuce digiri 100 daga ƙololuwa, fistan ya yi nisa ƙasa. Abin da ke cinye tazara shi ne daɗewar buɗewa, da ƙuncin tazarar tozo, da gaban da aka ba kam. A naka, liftar bawul ɗin shiga tana kai ɗagin inci 0.050 digiri 8 kafin ƙololuwa, ta na fita ba ta sauko wannan matakin ba sai digiri 6 bayanta. A kan shafaffen fistan da top ɗin da aka fere, dole wuri ya yi ƙunci.

Abin da ake nema shi ne milimita 2.0 a na shiga, 2.5 a na fita. Na fita yana bukatar ƙari saboda dalilai uku. Shi fistan ke kora: yana rufewa fistan yana tahowa, in sifirin ya gaza a babban gudu bawul ya yi jinkiri, fistan zai cim masa. Ya fi zafi, don haka ya fi miƙewa. Sannan cen ɗin taimin in ya saki da tsufa, kam baya yake komawa, komawa baya kuwa tazarar na fita take ci.

Yumɓu bai rasa amfani ba. Shi ne zai nuna maka tazarar gefe, tsakanin bakin bawul da bangon gurbi, wadda agogo ba ya gani. Amma sai bayan an fere.

MaiGareji53

Na gode, Injiniya. Na sake aunawa yadda ka ce, da daskararrun lifta da agogo. Na shiga milimita 0.8 a digiri 10 bayan ƙololuwa. Na fita 1.7 a digiri 8 kafinta. Na duba silinda ta 6 ma, bambancin bai kai 0.1 ba. Wani ya ba ni shawarar in mayar da kam baya, ko in sa gasket mai kauri a huta. Me kuka gani?

Injiniya_V8

Mayar da kam baya yana amfani ne in ɓangare ɗaya yana da rara. A irin wannan kam, kowane digiri ɗaya yana ƙara wa na shiga kimanin 0.15 ya rage wa na fita kusan haka. Kafin na shiga ya kai 2.0 sai ka koma wajen digiri 8, a lokacin na fita ya sauko kusan rabin milimita. Duka biyun naka a ƙasa suke, babu wanda zai ranta wa wani.

Gasket mai kauri kuwa ya fi muni. Za ka bukaci ƙarin 1.2, wato gasket na wajen 2.5. Wannan kusan cc 9 ne a kowace silinda, matsinka zai faɗo daga wajen 10.6 zuwa 9.5, ka zubar da abin da ka sayi fistan na 4.8 ka kuma fere top dominsa. Bayan haka akwai tazarar shafaffen ɓangaren top da kan fistan. Yanzu tana wajen 1.1, domin fistan ɗin LS yana ɗan leƙowa saman bulok, kuma nan ne ake so, tsakanin 0.9 da 1.15. Wannan matsin ne ke fesa cakuɗar mai da iska zuwa wajen fulogi ta ƙone da sauri. In ta haura 2, sai inji ya riƙa ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani duk da matsin ya ragu. Fere fistan ya fi duka biyun.

Baban_Tana

Sannunku da aiki. Zan yi magana kan abin yanka da zurfi, don nan ne ake yawan yin ɓarna.

Kamfanin Isky na Amurka yana yin abin yanka na wannan aikin: kai mai haƙora da sanda da ke shiga ta gayid, wato bututun da sandar bawul ke hawa da sauka a cikinsa. Sandar bawul ɗin LS milimita 8 ce, in za ka saya ka tabbatar da wannan. In babu hali, ana yin na gida kuma yana aiki. Na shiga, nemi bawul ɗin shiga na injin L92, inci 2.165, a rage shi a tana zuwa milimita 52.8. Kar ka ɗauki na LS3, sandarsa rami ce a ciki. Na fita, bawul ɗin shiga na top 706 ko 862, inci 1.89, a rage shi zuwa 41.9. A shafe fuskar ta yi lebur, a ɗan zagaye bakin da lanƙwasar kamar milimita 1.5, kar a bar shi da kaifi. Sai a manna samfefa mai lamba 60 ko 80 da sufa gulu, a yanke ta daidai da'irar. Samfefa tana cikewa da alminiyam tana kuma lalacewa, saboda haka tanadi fallaye da yawa, sabo a kowane fistan ko biyu. Wasu suna yanka haƙora huɗu ko shida a fuskar bawul da giranda maimakon samfefa. Ya fi tsabta, amma fistan ɗin nan silikon ɗinsu yana da yawa, yana dakusar da haƙori da wuri, sai ana wasawa.

Abin yanka dole ya fi bawul faɗi, domin fistan yana ɗan girgiza a silinda, bawul ma yana da ɗan wasa a gayid. Ana son milimita 1.3 zuwa 1.5 a kowane gefe, mafi ƙaranci 1.0. Na zaɓa maka 1.0 a na shiga da gangan. Bawul mai inci 2.00 a silinda 96 ya riga ya kusanci bango, in ka faɗaɗa abin yanka sosai, kusurwar gurbin za ta fita bakin fistan ko ta taɓa bangon silinda.

Yanzu ga lissafin da ake mantawa. Bawul ɗin LS a karkace yake da digiri 15, don haka gefe ɗaya ne kawai yake taɓa fistan, gefen da ke kallon tsakiyar inji, gurbin kuma siffar jinjirin wata yake fitowa. Tunda abin yanka ya fi bawul faɗi, bakinsa zai riga bakin bawul taɓa fistan. Kowace milimita 1 ta ƙarin gefe tana cin 0.27 na zurfi a banza, ba ta ƙara wa bawul komai ba. Saboda haka na shiga: kana da 0.8, kana son 2.0, saura 1.2, ƙara 0.3, zurfin yanka 1.5. Na fita: kana da 1.7, kana son 2.5, saura 0.8, ƙarin gefe 1.25 yana cin 0.33, zurfin yanka 1.13, ka ce 1.2. Wanda ya yanka 1.2 da 0.8 cif zai sake aunawa ya tarar bai kai ba, ya rasa dalili.

Tsayar da zurfi da kwala ake yi, zobe mai noti a gefe da ake ɗaurawa a sandar. Sauke abin yanka har ya zauna a kan fistan, sa fila geji, wato fallen ƙarfe na awon rata, mai kaurin zurfin da kake so a kan gayid, sauke kwala ta zauna a kan gejin, ɗaure, zare gejin. Idan kwala ta taɓa gayid, an kai. Cire sil ɗin bawul kafin nan, roba ce, tana dannuwa ta ba ka zurfin ƙarya. A sake saitawa a kowane fistan, kar a ce an saita sau ɗaya ya wadatar, domin tsayin gayid ba ɗaya ba ne, samfefa ma tana raguwa. Kwala biyu a jere sun fi ɗaya. In ɗaya ta zame, ramin da za ka yi ba ya cikuwa.

Batun ƙarfin fistan. Ƙa'idar da masu haɗa inji suke bi ita ce a bar aƙalla milimita 5 na nama a ƙarƙashin wuri mafi zurfi, in inji ba turbo ba naitiros. In akwai ɗayansu, 6.5 zuwa sama. Kar ka ɗauki kauri daga bakin kowa. Nemi mataccen fistan na 4.8 irin naka, mai lamba ɗaya, ka raba shi da zarto daidai inda gurbin zai faɗa, ka auna da baniya, wato ma'aunin kauri. A nan za ka ga abu na biyu, wanda ya fi kaurin tsakiya muhimmanci: nisan kusurwar gurbi daga ramin ring na sama. Gurbi yana zuwa kusa da baki, kuma naman da ke saman ring ɗin farko shi ne ya fi shan zafi, shi ne kuma ke fara ɓallewa a irin wannan fistan na zubi. Zurfin 1.5 ba mai yawa ba ne, amma a gani da ido a kan wanda aka raba kafin a taɓa na aiki. In akwai mataccen na biyu, fara gwada abin yankan a kansa.

Oga_Bulok

Baba ya gama magana kan zurfi. Ni kan tsabta da tsarin aiki zan ƙara, tunda ƙasan inji a haɗe yake.

In da so samu ne, a fitar da fistan a kai injin milin, a karkata shi digiri 15 a yanka. Sai dai ka duba irin fin ɗinka. Injinan farko, har wajen 2004, fin a matse yake cikin kwanrod, fitar da shi yana iya fasa fistan, sai dai a kafa shi da kwanrod ɗinsa a jiki. Kuma mai milin yana bukatar tsakiyar bawul: a sa fistan a ƙololuwa, a zura tsohuwar sandar bawul mai tsini ta gayid a ɗan buga alama. Duk wannan kwancewa ne da sake haɗawa. Zurfin 1.5 bai kai a sha wannan wahalar ba, ana yi a cikin bulok lafiya in an kiyaye.

Kar ka yi amfani da top ɗinka na 243. Dirila tana cin gayid, abin yanka kuma yana iya gurje mazaunin bawul. Nemi mataccen top na dangin nan, 706 ko 862 ko 241, ko da fasasshe ne, in dai gayid ɗinsa ba su yi sako-sako ba. A cinye mazaunin da bangon ɗakin wuta da giranda har abin yanka ya shige ciki ya juya ba ya taɓa komai. Gayid mai wasa yana ba da gurbi mai faɗi marar daidaito.

Kafin komai rufe kwarin tsakiyar inji, ramukan lifta, ramukan ruwa da na komawar mai, da tef da tsumma. Ramukan notin top ma a toshe waɗanda ba a amfani da su. A LS ramukan nan ba su da mafita a ƙasa, in ruwa ko gari ya taru ciki ka ɗaure noti a kai, bulok yana iya tsagewa.

Kowane fistan: sauke shi kaɗan, shafa giris siriri a bangon silinda a sama, ɗago shi zuwa ƙololuwa yadda giris zai cika ratar da ke tsakanin fistan da bango. Rufe kan fistan duka da tef ɗin takarda har ya haye kan bulok, ka yanke tef ɗin daidai inda za a fere. A yanke shi, kar a bari abin yanka ya zauna a kansa lokacin saita kwala, kaurin tef zai shiga lissafi. Kulle filawil kar kiranshaf ya motsa. Sa tsohon gasket, ɗora top, notuna huɗu da ke kewaye da silindar sun isa, ɗauri matsakaici.

Ɗiga mai a gayid. Dirila a hankali, gudu kaɗan, hannu ba nauyi, kuma a miƙe da sandar. Yanka kaɗan, ɗaga, yanka kaɗan. A fistan na farko tsaya a rabin zurfi, ɗage top ka duba inda jinjirin watan ya faɗa da nisansa daga baki. In ka shafa maka a kan fistan tun farko za ka gan shi sarai. Ka gamsu, sannan ka ƙarasa.

Da ka ɗage top, injin zuƙar ƙura ne farko, ba iska ba. Iskar kwamfireso tana tura gari cikin ring. Zuƙe, ɓare tef, sauke fistan, goge giris ɗin da ya kama gari daga ƙasa zuwa sama, sake shafa sabo, ɗago, sauke, goge. A maimaita har farin tsumma ya fito fari. Garin alminiyam da sauƙi, ƙwayar samfefa ce mugun abu: ta fi bangon silinda tauri, in ta maƙale a ramin ring za ta yi ta zana bango, in ta gangara cikin mai ta tafi metal.

Jerin wutar LS 1-8-7-2-6-5-4-3 ne, don haka fistan biyu-biyu suke hawa tare: 1 da 6, 8 da 5, 7 da 4, 2 da 3, kowane digiri 90. Da faifan digiri a jiki ba sai ka sake neman ƙololuwa sau takwas ba. Top ɗin LS yana hawa kowane ɓangare, amma in ka juya shi zuwa ɗaya ɓangaren, bawul ɗin shiga da yake gaba ya koma baya. Ka tabbatar babban abin yanka yana ramin shiga kafin ka ɗaure. In dai fistan ya fita daga inji, a rubuta masa lambar silindarsa, domin bayan ferewa na hagu ba zai zauna a dama ba.

Injiniya_V8

Oga, abu ɗaya. Na fi son a yanka a inda tazarar ta fi matsewa, digiri 10 bayan ƙololuwa ga na shiga, 8 kafinta ga na fita, tunda nan ne bawul da fistan suke haɗuwa a zahiri.

Baban_Tana

Haka ne a ƙa'ida, Injiniya, amma mu duba girman abin. Da tafiyar fistan 92 da kwanrod na 5.3, a digiri 10 fistan ya sauka kimanin milimita 0.9 ne kawai. A karkatar digiri 15, wannan yana gusar da gurbi da wajen 0.24. Ƙarin gefen da muka bari ya rufe shi. A ƙololuwa kuma fistan ya fi zama daram, danna shi ba ya juya kiranshaf, tef da giris sun fi kamawa. A digiri 10 nauyin hannu kaɗai yana iya tura shi ƙasa in makullin filawil ya yi wasa, zurfi ya lalace. Ga mai aiki a gareji ƙololuwa ta fi aminci. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne yanka babu gasket, wannan gusawar 0.35 ce, in ta haɗu da waccan ta cinye fiye da rabin gefen na shiga.

MaiGareji53

Allah ya ƙara basira, Baba. Saura biyu. Bayan an fere sai an sake balansin inji? Matsi zai ragu da nawa?

Baban_Tana

Ba sai an sake ba. Jinjirin wata ne siriri, faɗinsa a zurfin 1.5 bai kai milimita 6 ba. Gurbi biyun a haɗe ba su kai rabin cc ba, nauyin da ya fita bai kai giram 1 ba a kowane fistan, kuma duka takwas ɗin abu ɗaya aka cire musu. A injinka cc ɗaya cikakke yana rage matsi da kimanin 0.13, ka ga naka ba zai ko nuna ba.

Abin da ba a tsallakewa shi ne gyaran baki. Gurbi yana fitowa da kaifi a gefensa, kaifi kuma yana yin ja da zafi ya kunna mai kafin fulogi, daga nan ne tsaga take farawa. Bi bakin da ƙaramar wuƙar kankare ko samfefa 220, sannan 400, har yatsa ya wuce bai ji kaifi ba. A yi wannan tun tef da giris suna jiki. In kusurwar gurbi ta bar wani siririn nama a bakin fistan, ƙasa da milimita 1, a kwantar da shi gaba ɗaya a shafe, kar a bar shi tsaye.

Injiniya_V8

Bayan an tsabtace, mayar da top na aiki, 243 ɗin, ka sake awo da agogo daga digiri 20 zuwa 20 kamar farko, aƙalla silinda ɗaya a kowane ɓangare, in da lokaci duka. Sannan yumɓu mai kaurin milimita 6 a cikin gurbi, shafa mai a fuskar bawul kar ya manne, juya inji zagaye biyu da hannu, in ka ji ya tokare kar ka tilasta. Yanka yumɓun da reza ta tsakiyar gurbi ka auna gefe. In gefen na shiga ya gaza 1.0, faɗaɗawa ake yi, ba ƙara zurfi ba.

Fushrod na asali inci 7.400 ne. Top ɗin da aka fere ya sauko, kam mai babban ɗagi kuma gindin tozonsa yakan fi na asali ƙanƙanta, don haka tsayin da kake bukata sai an auna da mai daidaitawa, a ƙara nutsewar da mai liftar ya ce. In ya yi tsawo, lifta tana iya cika da mai a babban gudu ta riƙe bawul a buɗe, ta cinye tazarar da ka sha wahala ka samo. Notin roka, wato hannun da ke danna bawul, ɗaurinsa Nm 30, a ɗaure lifta tana kan gindin tozo.

Sifirin ma haka. Na injin LS6 ba a yi su don ɗagin 0.600 ba. Sa waɗanda mai kam ya rubuta, ka auna tsayin zamansu, ka tabbatar a cikakken ɗagi saura aƙalla milimita 1.5 kafin zobban su haɗe, kuma hular ba ta taɓa sil. Cen ɗin taimin sabo, ba wanda ya zo da injin ba. In ka canja cen ko giya bayan awo, ka sake duba digirin kam, domin 2.0 da 2.5 ɗin nan na wannan saitin ne kaɗai.